Laifin Da Na Yi Wa Malam-Buɗe-Littafin Kurmi

A duk faɗin Afirka babu malam-buɗe-littafin da ya kai wanda masana ke kira Papilio antimachus girma. Idan namijin ya ware fukafukansa yakan kai santimita 18 zuwa 23. Fukafukan dogaye ne sirara, ruwan goro da zane-zanen baƙi. Mazauninsa kurmi mai yawan ruwan sama, tun daga Saliyo, ya ratso kudancin Najeriya da Kamaru, har Kwango da Yuganda. Wani Baturen Ingila, Dru Drury, shi ya fara rubuta bayaninsa a 1782, bisa wanda aka kai masa daga Saliyo. Wannan halitta ce na yi wa laifi, kuma ban tsaya ni kaɗai ba, sai da na jawo 'ya'yan mutane cikin laifin.

A lokacin ina bautar ƙasa ne a Jihar Kuros Riba, ina koyar da kimiyya a wata makarantar ƙauye da ke bakin kurmi. Akwai rafin da nake zuwa wanki. Da hantsi ya ɗaga, sai malam-buɗe-littafi iri-iri su yi cincirindo a kan jiƙaƙƙen yashi, kowanne ya warware siririn bakinsa ya kafa a ƙasa yana tsotsa. Rannan sai ga babban ya sauko daga ƙololuwar bishiyoyi, yana tafe a hankali ba tare da fargabar komai ba, har na ɗauka tsuntsu ne. Na lallaɓa na kifa masa rigar da nake wankewa. Na matse ƙirjinsa da yatsu biyu har ya daina motsi, garin fukafukansa ya shafe mini yatsun. Na kafe shi da allura a cikin kwali, washegari na kai aji.

Ganin yadda yara suka yi ta mamaki, sai na ce duk wanda ya kawo mini irinsa zan ba shi kuɗi. Hujjata a lokacin ita ce abin yana da yawa, kuma ai don karatu ne. Kafin mako ya zagayo, yara suka fara zuwa da ledoji cike da gawarwaki. Da tsintsiya da rassan itace suke maka musu a bakin rafi, mafi yawa fukafukan sun kakkarye. Da ƙyar aka samu babban a ciki, sauran duk ƙanana ne da aka kashe a banza. Damina ta nutsa, laima ta shiga kwalayen, fumfuna ta rufe su, kiyashi suka cinye abin da ya rage. Na kwashe na zubar a juji. Ko rana ko wurin da aka kama ɗaya daga cikinsu ban rubuta ba.

Sai daga baya da na zauna na yi karatu a kan lamarin na gane girman ɓarnar. Taron bakin rafi ba alamar yawa ba ne. Galibinsu maza ne, sun zo neman gishirin da ruwan furanni ba ya wadatar da su, kuma sukan miƙa wa mace wani kaso nasa lokacin barbara, ya amfani ƙwanta. Ita kuwa macen wannan babban, can sama take rayuwarta, da wuya ta sauko. Ashe wurin da buƙata ke tilasta wa namijin saukowa ƙasa, nan na tura yara su tare shi. Tafiyarsa ta ƙasaita ma da dalili: jikinsa na ɗauke da dafi, tsuntsaye ba sa kusantarsa. Masana na kyautata zaton tun yana tsutsa yake samun dafin, daga ganyen wani tsiro mai naɗe bishiya, Strophanthus gratus, ɗan'uwan ƙwanƙwanin da maharbanmu ke haɗa dafin kibiya da shi. Kariyar da Allah ya yi masa ta ishe shi a gaban tsuntsu, amma ba ta hana hannuna ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: a 2019, shekara 237 bayan rubutun Drury, wasu masanan Faransa suka shiga kurmin kudancin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, suna hawa dogayen bishiyoyi da igiya, don kawai su ga tsutsar wannan halitta da idonsu. Abin da ilimi ke nema ke nan, ido mai haƙuri. Ni kuwa ina da aji guda na yaran da aka haifa a bakin kurmi, sun san kowace hanya da kowace bishiya. Da littafi da fensir na ba su, da sun rubuta watan da yake saukowa da tsiron da yake zagayawa. Sai na koya musu kisa da karɓar lada.

Na san babbar barazanar da ke gabansa ita ce sare kurmi don katako da gonaki, domin in dogayen bishiyoyi suka tafi, ba shi da wurin zama. Amma wannan bai wanke ni ba. Yaron da malaminsa ya nuna masa cewa darajar abu mai rai ita ce kuɗin da za a biya a kan gawarsa, ranar da ya girma aka yi masa tayin bishiya ba zai yi jinkiri ba.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana malamai, a kurmi kuke ko a sahel: kada ku sa wa halitta farashi a gaban yaro. Ku kai ɗalibai inda take, su zauna su kalla, su ɗauki hoto in da waya, su rubuta rana da wuri da abin da suka gani, sannan su bar ta da ranta. Ni na riga na yi nawa kuskuren, ya ishe ku izina.