Jirgin Kara da Hanyar Takoradi

Da zarar an kau da amfanin gona a Matameye, kara ya bushe, sai yara su shiga ƙira. Su feƙe ɓawon karan dawa, su yanka totuwa, su haɗa da ƙayar aduwa, kafin la'asar an sami mota ko jirgin sama mai farfela. Manya kan ɗauki wannan a matsayin wasa, wani malamin ma yakan ƙwace ya karya. Alhali kuwa a hannun yaron nan akwai mabuɗin wani babi na tarihin yankin, wanda darasin Yaƙin Duniya na Biyu ya kan tsallake.

A shekarar 1940, bayan Italiya ta shiga yaƙi, kai jiragen sama Masar ta Bahar Rum ya zama kasada ga Ingila. Sai aka riƙa ɗauko su a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su can. Daga watan Satumba na wannan shekara suka fara tashi rukuni-rukuni: Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ake kira N'Djamena yanzu, Khartum, har Alƙahira. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Abin da ya buɗe ta shi ne matakin gwamnan Cadi, Félix Éboué, wanda ya bi Janar de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940. Nijar kuwa ta kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy har watan Nuwamba 1942. Ashe iyakar da ke kudu da Matameye, kan hanyar Daura, ta raba ɓangarori biyu masu zaman doya da manja, ko da yake harshen mutanen ɗaya ne, kasuwanninsu ma ɗaya.

Cikin jiragen da suka sauka Kano akwai Hurricane, kuma na wannan hanya yana da wata siffa ta dabam. A ƙarƙashin hancinsa an ɗaura masa babban matacin iska, kamar haɓar raƙumi, don kada rairayi ya cinye injin. Saboda nisan zango kuma akan rataya masa ƙarin tankunan mai ƙarƙashin fukafukai. Bayan jikinsa ƙwarangwal ne na bututun ƙarfe da katako, an lulluɓe da ƙyalle. Wato dabarar da yaro ke bi da kara da tsumma ba ta yi nisa da ta masu ƙera shi ba.

Bambanci ɗaya ne: awo. Masu wannan sana'a a duniya sukan rage jirgi sau 72. Faɗin fukafukan Hurricane mita 12 ne da ɗan ɗoriya, don haka na kara zai tashi kimanin santimita 17. Ɗalibin da ya yi wannan rabawa da kansa ya riga ya yi darasin lissafi. Idan ya zo kan matacin iska, tilas ya tambayi amfaninsa. Amsar za ta kai shi ga hamada, hamada ta kai shi ga taswira, taswira ta nuna masa Kano, birnin da ƴan'uwansa ke zuwa fatauci.

Sai dai kayan wasa na roba sun cika kasuwa, ga wayar hannu ta ɗauke hankalin yara, ƙirar kara tana ja da baya. Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna iya tallafa mata ba tare da kashe kuɗi ba: baje kolin ƙira a ƙarshen zangon karatu, kowane jirgi da ƴar takarda mai bayanin sunansa, awonsa da hanyar da ya bi, da Hausa da Faransanci. Ba a ɗaukaka yaƙi da wannan. Ana dai nuna wa yaro cewa tarihin duniya ya taɓa yada zango a maƙwabtansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.