Babur Ya Ƙi Tashi

Idan injin babur bai kama ba, Bahaushe yakan ce ya ƙi tashi, kamar yana maganar jaki ko yaron da ake tashi da asuba. Babur a bakin mutane yana tari, yana shaƙewa, yana shan mai, yana mutuwa a tsakiyar hanya, a kuma tashe shi ya tashi. Sunayen sassansa kuwa sun bi iyakar ƙasa. Abin da bakaniken Katsina yake kira fulogi, na Maraɗi buji yake ce masa. Wancan ya ce fetur, wannan ya ce isansi. Ɗaya ya aro daga Ingilishi, ɗaya daga Faransanci, alhali tsakanin garuruwan biyu bai wuce kusan kilomita 100 ba. Ciwon babur dai iri ɗaya ne ko ta wane gefen iyaka, haka ma maganinsa.

A wata unguwa ta Maraɗi akwai wani dattijo, tsohon malamin makarantar boko, mai babur ƙirar Honda CG125 da ya saya na hannu tun yana aiki. Kamfanin ya fara fitar da wannan ƙira a 1975, ya kuma yi ta musamman domin ƙasashen da hanya ke da ƙura, mai babur kuma ba ya zuwa gareji sai dole. Rashin lafiya ta kwantar da dattijon damina guda, babur ɗin kuma ya yi wata huɗu jingine a zaure ba wanda ya taɓa shi.

Da kaka ta yi, ɗan ƙanensa, maraya da ya tashi a hannunsa, ya zo da magana. Abokansa za su tafi arewa haƙar zinariya, shi ma yana son ya bi su, tun da zaman gari ba sana'a ya ishe shi. Dattijo ya san waɗanda suka tafi suka dawo da abin hannu, ya kuma san gidajen da har yau ake jiran labari. Ya ce masa, “Ga babur nan. In ya tashi, ka yi kabu-kabu da shi, ka zauna kusa da mu.” Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, “In bai tashi ba fa, Baba?” Dattijo ya ce to a sayar wa masu tsohon ƙarfe, ya yi kuɗin mota da abin da aka samu.

Yaron ya fito da babur ɗin ƙofar gida, ya murɗa makulli, ya ja cok, ya hau bugun kik. Ya buga har gumi ya jiƙa masa riga, yana bugawa yana murɗa hannun mai. Babur bai ko yi tari ba. Ya danna oda ya ji shiru, sai ya yanke hukunci cewa batir ne ya mutu, ya kashe komai. Suka tura shi zuwa inuwar wata dogonyaro, wurin wani tsohon bakanike da dattijon ya taɓa koyar da 'ya'yansa.

Bakaniken ya miƙe ya gaida shi da “Mushe”, sunan da ake kiran malaman boko da shi a Nijar. Da ya ji zancen batir sai ya girgiza kai. Irin wannan tsohon babur mai kik, wutar da yake tashi da ita daga maganaɗisun cikin injin take fitowa. Batir na oda ne da sigina. Ya dubi yaron ya ce, “Ɗana, inji abu uku yake nema: matsi, wuta, da mai gauraye da iska. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya yi ƙasa. Tambayarsu ake yi ɗaya bayan ɗaya, a kuma fara da wanda ba ya cin kuɗi.”

Da matsi ya fara, domin shi ne zai nuna ko aikin ya cancanci wahala. Ya kwance buji, ya toshe raminsa da babban yatsa, ya ce a taka kik. Iska ta ture yatsan da ƙarfi. Wannan ya nuna fistin da zobbansa suna riƙe iska, bawul kuma suna rufewa yadda ya kamata. Da a ce kik ya faɗi sakwaf ba tare da turjiya ba, da sai an buɗe injin, kuɗin kuwa zai iya fin darajar babur ɗin. Ya ce, “Mushe, zuciyarsa lafiya lau.” Dattijo bai ce komai ba, amma ya nemi benci ya zauna.

Sai wuta. Bujin ya fito baƙi, jiƙe sharkaf da mai, sakamakon bugun da yaron ya yi ta yi da cok a ja. Mai ya yi yawa a ɗakin ƙuna har ya kashe tartsatsi. Shi ne ake cewa babur ya shaƙe. Bakanike ya goge bakin bujin da burushin waya, ya busar da shi, ya daidaita tazarar bakinsa, wadda a wannan ƙira ba ta wuce milimita 0.6 zuwa 0.7. Ya mayar masa da hularsa, ya jingina jikinsa da ƙarfen injin, aka taka kik. Tartsatsi shuɗi ya yi tsalle, ƙyas. Shuɗi shi ne na lafiya. Ja ko rawaya mai rauni yakan nuna matsala a koyil ko a waya.

Saura mai. Ya sa wani ƙaramin gwangwani a ƙarƙashin kabureta, ya sassauta sukurun da ke gindinta. Abin da ya fara zubowa ruwa ne, sannan wani mai ja mai warin tsohon fenti ya biyo baya. Dalilin a bayyane yake. Tankin da aka bari rabi yana tara raɓa a cikinsa lokacin damina, ruwa kuma ya fi fetur nauyi, don haka yakan gangara ya kwanta a ƙasa, daidai inda injin yake sha. Fetur ɗin da ya daɗe kuwa, sashensa mai saurin kama wuta yakan bi iska, abin da ya rage ya yi danƙo. Bakanike ya kwance kaburetar, ya ciro wani ɗan ƙusan tagulla mai rami kamar kafar allura, wanda ta cikinsa mai ke bi lokacin tayarwa. Ya ɗaga shi sama, haske bai ratsa ba. Yaron ya miƙo allura, bakaniken ya ture hannunsa: ƙarfe yana faɗaɗa ramin, babur ya koma shan mai har abada. Da sabon fetur ya wanke shi, ya yi ta hurawa har rana ta leƙo ta ciki. Aka juye tanki aka ɗauraye, aka wanke soson tace iska da ƙura ta daskare a kansa, aka ɗan shafa masa man inji. Inji yana bukatar iska kusan ninki 15 na nauyin man da yake ƙonawa, saboda haka soso mai datti kaɗai ya isa ya shaƙe shi.

Aka zuba lita ɗaya, aka tace ta da ƙyalle. A bugu na uku babur ya yi tari, ya kama, ya yi numfashi biyu, ya mutu. Aka sake, haka. Yaron ya juya ya dubi hanya. Matsi akwai, wuta akwai, mai akwai. Abu ukun da aka faɗa masa sun cika, ga shi kuwa ba a tashi ba.

Bakaniken bai taɓa kabureta ba. Ya zagaya baya, ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya ce a buga. Bai ji iskar kirki ba. Ya durƙusa ya leƙa, sai ya yi dariya. Zanzaro ne ya samu wuri mai duhu da ba a motsawa, ya gina ɗakunansa na laka har ya toshe mafitar hayaƙi. Injin da bai fitar da abin da ya ƙona ba, ba shi da wurin zuƙar sabo. Ya sa waya ya farfasa ginin, busasshiyar laka ta zubo. Aka taka kik sau ɗaya, babur ya tashi, ya feso ƙura da baƙin hayaƙi, sannan muryarsa ta daidaita.

Abin da aka kashe bai wuce kuɗin fetur da ladan hannu ba, ladan ma sai da dattijo ya matsa kafin a karɓa. Da an bi hukuncin farko, da an sayi batir a banza, ko a miƙa wa masu tsohon ƙarfe injin da ke da sauran shekaru a gaba. Bakanike ya ƙara wa yaron da abin da ba a saye: ya canza man inji tun yau, kada ya yarda da man kwalba sai ya tace, in kuma babur zai daɗe a ajiye, ya rufe famfon mai, ya bar injin ya shanye na cikin kabureta, ya toshe salansa da tsumma.

Yaron ya saurara, ya maimaita su ɗaya bayan ɗaya kamar mai biya karatu. Sannan ya ce, “Kawu, in na tashi aiki da yamma, zan iya zuwa in riƙa kama maka?” Bakanike ya nuna masa akwatin sifanu, ya ce ya fara da sanin lambobinsu. Motar arewa ta tashi ranar Asabar. A ranar, tun da hantsi, yana bakin babbar kasuwa yana jiran fasinja.