Salaga, Yendi, Bawku: Dukiyar Da Muke Zubarwa A Juji

A hutun makaranta da ya wuce Allah ya nufe mu da ziyarar 'yan'uwa a arewa. Muka faro daga Salaga, muka bi ta Bimbilla zuwa Yendi, sa'an nan muka ƙarasa Bawku. Zumunci ya kai mu, amma tsarabar da muka kawo muku labarin tsohon buhu ne da gwangwani da leda, da abin da hannu ke iya mai da su.

Salaga, ko Salga a bakin iyayenmu, ba ta buƙatar gabatarwa wurin Bahaushen wannan ƙasa. Nan ne matattarar fataken Gwanja, waɗanda ke tasowa daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi da fata, su koma da goron Asante. Nan kuma aka ci kasuwar bayi. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, mutane suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da Ankara, cikinsu har da Alhaji Umaru Salga, wanda ya rasu a Krachi a 1934. Da yawa cikin zangunanmu daga wannan watsewa suka cika.

Ana yi wa Salaga kirari da garin rijiyoyi, kuma a bakin rijiya muka sami darasinmu na farko. Gugan da muka gani galan ne rawaya na man girki, irin wanda ake kira galan Kufuor, an yanke samansa an bar mariƙin. Igiyar kuwa daga buhun shinkafa ta fito. Wani dattijo da ke zaune a inuwa ya nuna mana yadda ake yi. Za a wanke buhu a shanya, a farke ɗinkin, a zare zaren ɗaya bayan ɗaya. A tara kamar ashirin, a ƙulle kai, a maƙala a babban yatsan ƙafa, a raba biyu. Sai a riƙa murza kowane rabi tsakanin tafuka ta gefe ɗaya, su kuma su naɗe juna ta ɗaya gefen. In zare ya kusa ƙarewa sai a saƙa sabo a ci gaba. Buhu biyu ko uku sun isa igiyar shanya ko ta ɗaure akuya.

Muka tambayi jikansa, yaro ɗan aji biyar, ko mene ne sunan wannan aiki. Ya yi shiru, can ya faɗa da Turanci. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Malam, kai ne mai koyarwa, ka gani da idonka. Yaron da bai taɓa tufka ba, ina zai san kalmar? In ka ce masa ana tufka ana warwara, sai ya zuba maka ido." Wannan magana ta bi mu har ƙarshen tafiya. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar nan, kalmar da hannu ya daina aiki da ita ba ta daɗewa a baki.

Daga nan sai Yendi, fadar Ya-Na, Sarkin Dagomba, wadda ita ma zango ce a tsohuwar hanyar goro, kuma a nan kabarin Babatu Bazabarme yake. A gidan da muka sauka muka tarar da uba da 'ya'yansa uku sun baje a tsakar gida bayan la'asar, suna haɗa motar gwangwani irin wadda muka yi wasa da ita muna yara. Mun ɗauka an daina.

Ga yadda suka yi. Gwangwanin kifi shi ne jikin mota. Uban ya fara daddake bakinsa da dutse don kada ya yanki yaro, sa'an nan ya huda ramuka biyu a kowane gefe da ƙusa. Aka zura tsinken waya biyu na tsohon keke. Tayoyi kuwa daga tsohon silifas aka yanko su, bayan an ɗora murfin kwalba an zana da'ira. Aka ɗaura dogon karan dawa a gaba don tuƙi.

Da aka tura motar sai ta riƙa ɗingishi. Ƙaramin ya ɓata rai, ya ce, "Baba, ta lalace." Uban ya ce, "Ba ta lalace ba. Duba inda ka huda." Yayansu ya karɓa, ya yanki takarda daidai girman tayar, ya ninka ta biyu, ya sake ninkawa, ya ɗora mahaɗar layukan a kan sabuwar taya, ya huda a nan. Mota ta tafi sumul. Mu kuwa sai muka tuna mako nawa muke ɓatawa a gaban allo muna bayanin tsakiyar da'ira, yara na kallonmu suna hamma. A nan gurguwar taya ta koyar da shi kafin magariba.

Hanyar Bawku daga Yendi ta bi ta Gushegu, ta sauka gangaren dutsen Nakpanduri, ta ratsa Garu. Duk inda ka waiwaya a bakin hanya, baƙar leda ce maƙale a ƙaya, da ledar ruwan sha a ƙasa kamar an shuka. Kowane mahauci zai gaya maka abin da yake tararwa a tumbin akuya da tunkiya. Mazauna Ankara kuma ba su manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle, mutane fiye da 150 suka rasu, aka yi ta maganar magudanun da shara ta toshe.

Bawku gari ne na kan iyaka, kusa da Burkina Faso da Togo, ya yi suna a noman albasa, kasuwarsa kuma tana ci duk bayan kwana uku. Gari ne kuma da ya sha wahalar rashin kwanciyar hankali, tun daga 2021 an sha sa dokar hana fita da dare. Wata gwaggonmu ta ce a irin waɗannan darare ne ta rasa yadda za ta yi da jikoki shida a cikin gida, sai ta tuna da saƙar faifai da ta koya wurin uwarta. Kaba ba ta samuwa a kusa, leda kuwa ko'ina. Sai ta raba aiki: ƙanana su wanke su shanya, manya su yanka dogo-dogo faɗin yatsu biyu. Ita kuma ta murɗa wasu su zama ciki, ta riƙa naɗe su da wasu tana ɗinkewa da basilla, zagaye bisa zagaye, har faifai ya fito. Ta nuna mana mafici da kwandon zuba albasa, da jakar littattafai ta ledar ruwa wadda aka buɗe aka ɗinke a keke, ruwan sama ba ya ratsa ta. Ta ce, "Ɗana, hannu na aiki, baki na tatsuniya, sai ka ga yaro ya manta da abin da ke waje."

A bayan ɗakinta akwai zogale da barkono, kowanne da gorar roba binne a gindinsa. An huda ƙasan gorar da allura mai zafi, ana cika ta da ruwan da aka wanke shinkafa, yana tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. Da wannan dashen ke tsallake hunturu da bazara.

Kada wani ya ce wannan aikin talauci ne. A hanyarmu ta dawowa mun bi ta Tamale, garin Ibrahim Mahama, wanda da tsofaffin buhunan koko da na gawayi ya yi suna a duniya. An nuna aikinsa a birnin Benis na Italiya a 2015, kuma a 2019 ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale.

Sai dai a kiyaye abu uku. Kada a taɓa amfani da galan ko kwalbar maganin feshi, ko an wanke ta sau goma. Wuƙa da ƙusa mai zafi aikin babba ne, yaro nasa wanki da awo da ɗauri. Kada kuma a ƙona ragowar leda a tsakar gida, hayaƙinta cuta ne.

To jama'a, ga roƙonmu. Kowane gida ya ajiye buhu ɗaya a lungu don tara gwangwani da gora da leda mai tsabta. A ware yammacin rana ɗaya a mako, a ajiye wayoyi, a kira kaka ta zauna a tsakiya. A yi aikin da Hausa, a kira kowane abu da sunansa: tufka, saƙa, basilla, guga, faifai, mafici. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mu ma da aka koma makaranta mun sa kowane ɗalibi ya kawo tsohon silifas da murfin kwalba kafin mu buɗe babin da'ira.

Allah ya zaunar da Bawku da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.