Mutum-mutumi a ɗakin majinyaci: wa ke riƙe da sirrinka?

A ɗakin bayar da magani na asibitinmu, nakan sassauta murya idan zan yi wa mutum bayanin maganinsa, domin sunan magani kaɗai kan tona cutar mai shi. Duk wanda ya ji an ambaci insulin ya san ciwon suga ne. Shi ya sa batun mutum-mutumin da ke taimakon tsofaffi da majinyata a gida yake tsaya mini a rai.

A shekarar 2022 hukumar kula da tsofaffi ta jihar New York a Amurka ta fara raba na'urar ElliQ, wadda ke hira da tsoho, tana tuna masa lokacin shan magani. Amfaninta a fili yake, sai dai tana gani, tana ji, kuma tana haɗe da intanet. A ƙarshen wannan shekarar aka bankaɗo cewa hotunan da na'urorin shara na gwaji na Roomba suka ɗauka cikin gidaje, har da na wata mata a banɗaki, sun ɓulla a Facebook ta hannun ma'aikatan da aka ba aikin tantance su.

Ya kai mai karatu, kafin ka shigo da irin wannan na'ura ɗakin mahaifiyarka, tambayi mai sayarwa: me take naɗa, ina take aikawa, wa ke gani, kuma ana iya gogewa? Sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, ka rufe kyamarar lokacin wanka da sauya tufafi. Sannan ka nemi yardar mahaifiyar da bakinta, domin tsufa da jinya ba sa sauke wa mutum haƙƙin rufin asiri.