Trina Robbins, ɗiyar tela da ta tono sunayen mata masu zane

A watan Janairu na shekarar 2016, masu shirya babban bikin littattafan zane na garin Angulem, a ƙasar Faransa, suka fitar da sunayen mutum 30 waɗanda za a zaɓi gwarzon shekara daga cikinsu. Duka talatin ɗin maza ne. Tun da aka soma bikin a 1974, mace ɗaya tak ta taɓa samun wannan babbar kyauta ta shekara-shekara, watau Florence Cestac, a shekarar 2000. Hayaniya ta tashi, wasu daga cikin mazan da aka ambata, irin su Riad Sattouf da Joann Sfar, suka ce a cire sunayensu. Da ƴan jarida suka matsa wa shugaban shirya bikin, sai ya kare kansa da cewa ai mata kaɗan ne cikin tarihin wannan sana'a, kuma ba a sāke tarihi.

A lokacin da yake wannan magana, can a birnin San Faransisko na Amurka akwai wata tsohuwa mai shekara 77 wadda ta yi shekara talatin tana tara shaidar da ke ƙaryata shi. Sunanta Trina Robbins.

Sana'ar da ake magana a kai ba baƙuwa ba ce ga mai karatu. Ita ce Faransawa ke kira bande dessinée: labarin da ake bayarwa cikin ƙananan akwatunan zane, magana na fita daga bakin mutane cikin ƴar kumfa. Duk wanda ya zauna kan bencin lakwal a ƙasar nan kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce ya san yadda mujallar Kouakou take yawo hannu zuwa hannu har ta yage. A Amurka abin ya fi haka girma nesa ba kusa ba, don kuwa can kasuwa ce ta miliyoyin kofi, mai kamfanoni da taurari da masu tara tsofaffin bugu kamar dukiya.

An haifi Trina ran 17 ga Agusta 1938 a unguwar Burukilin ta birnin Niyok, ta girma a unguwar Kwins. Iyayenta Yahudawa ne. Ubanta tela ne da ya yi ƙaura daga wani ƙauye na ƙasar da ake kira Belarus yau, uwarta kuwa malamar firamare. Tana yarinya, littattafan zane na ƴan mata sun cika kantuna, irin su Patsy Walker da Millie the Model da Katy Keene, kuma ta karance su kamar kowace yarinya ta zamaninta. Wannan ƙaramin abu ya yi mata amfani daga baya, domin ran da masu kamfanoni suka fara rantsuwa cewa ƴan mata ba su karanta irin waɗannan littattafai, ita ta san da idonta ta gani.

Ba da alƙalami ta fara cin abinci ba, da allura ta fara, gadon gida. A 1966 ta buɗe butik ɗin tufafi mai suna Broccoli a Niyok, tana ɗinka wa mawaƙan zamanin kaya, cikinsu har da Mama Cass da Donovan da David Crosby. A gefe guda tana yi wa wata jaridar matasa masu adawa, East Village Other, ƴan zane-zane. Lokacin yaƙin Biyetnam ne, samari sun yi wa dattawa tawaye a kan kome, har a kan zane. Tun 1954 manyan kamfanoni suka kafa wa kansu dokar tace abin da suke bugawa. Sai waɗannan samari suka shiga buga nasu littattafai a bayan fage, ba mai tace musu.

Trina ta koma San Faransisko, cibiyar wannan harka, a 1970, da zaton za a karɓe ta hannu biyu-biyu. Ashe tawayen na maza ne. Suna gayyatar juna cikin littattafansu, ita ba mai kiranta. Abin da ya ƙara ɓata tsakani shi ne ta ƙi yin shiru game da abin da take gani a shafukansu, musamman na Robert Crumb, wanda shi ne tauraronsu: zanen fyaɗe da yanka mata da wulaƙanta su, a ce wai raha ce. Ta ce ita ba ta ga abin dariya ba. Suka ce ba ta san wasa ba, suka ce tana son dawo da dokar tacewa. Ta daɗe tana biyan kuɗin wannan magana.

Wanda aka hana shi shiga rumfa, sai ya kafa tasa. A cikin wannan shekara ta 1970, ita da Barbara Mendes suka haɗa littafin zane mai suna It Ain't Me, Babe, kamfanin Last Gasp ya buga. Shi ne na farko a Amurka da mata zalla suka rubuta suka zana daga bango zuwa bango. A kan bangonsa an jera matan da aka ƙirƙiro cikin zane tun da daɗewa, su Olive Oyl da Little Lulu da Wonder Woman da Sheena, sun fito zanga-zanga da hannu a dunƙule. Bayan shekara 2 aka kafa mujallar Wimmen's Comix, wadda ƙungiyar mata ke gudanarwa, ana karɓa-karɓar shugabancin kowane bugu. Ta rayu daga 1972 har 1992. Ba a ce zaman ya yi daɗi kullum ba. Aline Kominsky da Diane Noomin sun ɓata da ita, suka fice suka buga nasu, Twisted Sisters, a 1976. Trina mace ce mai kaifin harshe, kuma wanda ya saba faɗa da abokan gaba wani lokaci yakan manta ya sassauta murya a cikin gida.

A shekarun 1980 manyan kamfanoni suka ɗan buɗe mata ƙofa. Ta yi wa Marvel wani labari na ƴan mata mai suna Misty, inda masu karatu ke aiko da zanen tufafin da suke so a sa wa taurarin labarin, aikin da ya dace da ɗiyar tela. Wasiƙu suka yi ta zuwa, amma bugu 6 kawai aka yi aka tsaya. Dalilin yana cikin yadda kasuwar ta sāke: littattafan zane sun bar kantunan unguwa da teburan masu jarida, sun koma shaguna na musamman waɗanda maza ke riƙe da su, maza ke shiga. Mai shago ba ya odar littafin ƴan mata, yarinya ba ta samunsa balle ta saya, sa'an nan kamfani ya duba lissafi ya ce ƴan mata ba su saye. A 1986 ta zana The Legend of Wonder Woman, bugu 4, tare da marubuci Kurt Busiek. Wonder Woman ta fito tun 1941, ita ce jarumar mata mafi suna a duniyar zane, amma sai da ta shekara 45 kafin hannun mace ya zana littafinta.

A nan ne hanya ta karkata. Abin da ake ta faɗa mata shekara da shekaru, cewa mata ba su taɓa yin wannan sana'a ba, ya sa ta koma tsofaffin jaridu don ta gani ko gaskiya ne. A 1985, ita da Catherine Yronwode suka fitar da Women and the Comics, littafin farko a kan tarihin mata masu zane. Daga farkon shekarun 1990 ta kusa ajiye zane gaba ɗaya, ta koma rubutu da bincike. Littattafai suka biyo juna: A Century of Women Cartoonists a 1993, The Great Women Superheroes a 1996, From Girls to Grrrlz a 1999, Pretty in Ink a 2013.

Abin da ta tono ya fi ƙarfin a kira shi ƴan tsiraru. Ga Rose O'Neill, wadda mujallar Truth ta buga zanenta tun 1896, daga baya ta ƙirƙiro ƴan jariran Kewpie da suka zama ƴar tsana a ƙasashe da dama, ta yi arziki da su. Ga Nell Brinkley, wadda ta zo Niyok a 1907 ta yi wa jaridun Hearst aiki wajen shekara talatin. Ƴan matan da take zanawa sun yi suna har ana kwaikwayon gyaran gashinsu, ana sayar da kayan naɗe gashi da sunanta. Ta mutu a 1944, kuma kafin a jima littattafan tarihin zane sun tsallake ta kamar ba a yi ta ba. Ga Jackie Ormes, baƙar fata, wadda ta fara Torchy Brown a jaridar Pittsburgh Courier a 1937, a zamanin da wariyar launi ke da ƙarfin doka a kudancin ƙasar.

Wani abin da binciken ya nuna shi ne yadda sunayen suka ɓace tun masu su na da rai. Dalia Messick ta mai da sunanta Dale, sunan da ba a gane na mace ne ko na namiji, kafin labarinta na Brenda Starr ya samu shiga a 1940. June Mills ta jefar da June ta sa hannu da Tarpé Mills a kan Miss Fury, jarumar da ta fito a 1941, watanni kafin Wonder Woman. Lily Renée kuwa, ƴar birnin Biyana wadda ta tsere wa ƴan Nazi zuwa Ingila a 1939 cikin yaran da aka kwashe, ta isa Niyok ta yi wa kamfanin Fiction House zane lokacin da maza suka tafi yaƙi. Tana sa hannu da L. Renée, masu karatu na aiko mata wasiƙa suna kiranta da laƙabin namiji. Da yaƙi ya ƙare sojoji suka dawo suka karɓi kujerunsu, mata da yawa aka sallame su. Saboda haka mai neman mata cikin tsofaffin shafuka, in bai san dabarar ba, zai wuce su yana kallonsu. Trina ta samu Lily Renée da ranta, ta yi hira da ita, ta rubuta labarin rayuwarta cikin zane a 2011. Lily ta rasu a 2022 tana da shekara 101, bayan ta ga an dawo mata da sunanta.

Gaskiya ne littattafan Trina ba irin na malaman jami'a ba ne. Sun fi kama da taskar mai tara kaya: hotuna da yawa, gajeren tarihin kowace mace, da ra'ayin marubuciya a fili ba ɓoyo. Tana da waɗanda take so da waɗanda ba ta so, kuma ta fi karkata ga zane mai kyan gani da tufafi masu tsari. Aikinta kuma bai wuce Amurka da Kanada sosai ba. Amma kafin a yi nazari sai an samu abin nazartawa, kuma ita ce ta bi gwanjo da dillalan tsofaffin takardu tana saye, ta nemi tsofaffin matan da iyalansu tana tambaya, a lokacin da ba wata jami'a da ta ɗauki abin da daraja. Masu digiri da suka zo daga baya a kan turbarta suka bi.

A 1994 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Friends of Lulu don jawo mata cikin sana'ar. A 2013 aka sa ta cikin jerin manyan gwanaye na kyautar Eisner, wadda ita ce mafi daraja a wannan fage a Amurka. Angulem ma ta sāke hali: Rumiko Takahashi ta Japan ta samu babbar kyautar a 2019, Julie Doucet ta Kanada a 2022, Posy Simmonds ta Ingila a 2024.

Akwai wani suna da ta tono wanda ba na mace ba ne. Ubanta, tela Max Perlson, ya taɓa wallafa ɗan littafin labarai da harshen Yidish a 1938, shekarar da aka haife ta, a kan mutanen ƙauyensu da na Burukilin. Tana yarinya ba ta kula da shi ba, ba ta kuma iya harshen ba. Da tsufa ya zo aka samo littafin, ta sa aka fassara mata, ta mai da shi labarin zane, masu zane daban-daban suka raba labaran tsakaninsu. Ya fito a 2017 da sunansa na asali, A Minyen Yidn. Ta rasu a San Faransisko ran 10 ga Afrilu 2024, tana da shekara 85.