Tukunyar da ba ta san gaggawa ba

Saniyar ƙasarmu matafiyiya ce. Kafin ta iso hannun mahauci ta taka daji daga Azawak zuwa kudu, rani da damina, shekara da shekaru. Don haka namanta, musamman na kafaɗa da na ƙirji, cike yake da jijiya. Wanda ya hura masa babbar wuta don ya yi sauri, igiya zai tauna. Jijiya ba ta jin tsoron wuta mai ƙarfi. Zafi kaɗan na dogon lokaci ne ke narkar da ita, ta koma romo mai danƙo, naman kuma ya saki har cokali ya raba shi.

Wannan ne ya sa na riƙe wata tukunya ta lantarki da Amurkawa ke kira Crock-Pot. Kasko ne mai kauri a cikin gidan ƙarfe, da murfin gilashi, yana dahuwa a hankali. Wani Bayahuden Amurka, Irving Naxon, shi ya ƙirƙiro ta, aka ba shi takardar mallakarta a 1940. Mahaifiyarsa ce ta ba shi labarin yadda Yahudawan Lituwaniya, da yake ba su kunna wuta ran Asabar, kan kai tukwanensu gidan mai burodi tun Juma'a, su kwana cikin ɗumin tanda. A 1971 kamfanin Rival ya fito da ita da sunan da aka san ta da shi, daidai lokacin da matan Amurka ke fita aiki da yawa. Mu da muka tashi muna ganin tukunyar mai langaɓu tana kwana bisa garwashi, abin bai zo mana baƙo ba.

A gidana, ni da uwargida duka muna fita aiki da safe, kuma ni ke ɗora ta, ko da maƙwabta za su yi dariya. Ina sayen kilo ɗaya da rabi na kafaɗa, curi guda, in shafe shi da gishiri da masoro, in soya shi cikin mai kaɗan har bayansa ya yi ja. Wasu na tsallake suyar nan. A ganina rabin ƙanshin suke zubarwa. Karoti da dankalin turawa su ke zama a ƙasa, manya-manya, domin cikin wannan tukunya sun fi nama jinkirin nuna. Sai albasar Galmi, tafarnuwa, ɗan garin tattasan Difa, naman a bisa. Ruwa kofi ɗaya ya isa, tun da tururi ba ya fita, naman ma yana tsatso nasa. Daga nan awa 8 bisa ƙaramar wuta, ba a buɗe murfi, don kowane leƙe yana fidda zafin da aka daɗe ana tarawa.

Wutar da take ci ba ta kai rabin ta dutsen guga ba, kuma ba itace, ba hayaƙi a idon kowa. A ƙasar da ake sare icce don girki har ana kukan hamada, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma wanda ya ƙera ta bai yi tunanin watan Afirilu a Yamai ba. In wuta ta yanke da hantsi ba kowa a gida, naman zai yini cikin ɗumi-ɗumi, irin zafin da ƙwayoyin cuta suka fi so, kuma ido da hanci ba su iya gane shi. Naman da bai nuna ba ya yi awoyi haka, zubarwa ne, komai tsadarsa. Shi ya sa lokacin zafi nake ɗora ta ran hutu kawai, ina gida, da murhun gaz a kusa: wuta na ɗaukewa, sai in juye cikin tukunyar ƙarfe in ci gaba da dahuwa.