Daren da Yaro Ya Haye Kogi Bisa Gora

Sau uku na duba littafin, gaba da baya, babu gora a cikinsa! Yara huɗu sun zuba mini ido a kan tabarma, fitilar caji tana neman mutuwa, ɗan yayata kuwa ya kafe: shi bisa gora zai haye kogin.

Littafin a Kano na tsinto shi cikin tarin tsofaffin littattafai, bangonsa duk ya ci. Sunansa The Warlock of Firetop Mountain, na Steve Jackson da Ian Livingstone, ya fito a Ingila a 1982. Ba a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. An yanka labarin gida 400, kowane da lambarsa, kai ne jarumin, kai ke zaɓa: in ƙofar yamma za ka buɗe, tafi lamba kaza, in gabas za ka bi, lamba kaza. Abu uku gare ka, ƙwarewa da juriya da sa'a, ƙwayar ludo ce ke yanke maka su. In kun haɗu da dodo, kowa ya jefa ƙwaya biyu ya haɗa da ƙwarewarsa, wanda ya gaza ya rasa juriya biyu. Kwana huɗu ina mutuwa cikin kogon matsafin nan Zagor ni kaɗai, har daren da wuta ta ɗauke a unguwarmu a Haɗejiya, yaran gida suka ce in yi musu tatsuniya.

Na ce to, amma yau ku ne a ciki. Inna tana jin an ambaci ƙwaya ta leƙo: "Kai, ba dai caca za ka koya musu ba?" Na ce, "A'a Inna, ko sisi babu." Duk da haka na mayar da ƙwayar aljihu, na rubuta 1 zuwa 6 a gutsattsarin takarda, na zuba cikin hulata. Kowa ya sa hannu ya zaro rabonsa. Ta zauna gefe da carbinta tana saurare.

Sai muka iso kogin da ya raba kogon biyu. A nan ne ma Livingstone ya ajiye alƙalami, Jackson ya ɗauka. Littafin ya ba ka 'yan hanyoyi: ka kira mai fito, ka bi gada, ko ka faɗa ruwa. Ɗan yayata, wanda ya tashi yana bin mahaifinsa su, ya ce, "Kawu, ruwan da ba ka san zurfinsa ba, ba a faɗa masa. Gora zan kifa, in kwanta a kai, in riƙa tuƙi da hannu da ƙafa." Ya kwanta rub da ciki a kan tabarma ya gwada mana, haɓa sama, gwiwar hannu a buɗe. Na rufe littafin. Na ce ya zaro takarda biyu, in jimlar ba ta haura sa'arsa ba ya haye. Ya zaro 2 da 3. Zo ka ji ihu!

A daren ban yi barci ba. Ashe tun 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da mutum ɗaya ke jan labari, sauran su zama jarumai su faɗi abin da za su yi. Jackson ma ya mayar da tsarin littafinsu wasan taro a 1984. Amma abin da ya hana ni runtsawa daban ne: wannan ai tatsuniyarmu ce aka ba masu sauraro hannu da ƙafa.

Washegari na samo kwali, na bi gidajen 400 ina zana taswira: ɗaki, ƙofa, tarko, inda makullan akwatin dukiya suke. Lambobin na zubar, wuraren na riƙe. Dodon da aka auna don mutum ɗaya, huɗu za su gama da shi kafin ka ce kwabo, sai na ƙara masa juriya da 'yan rakiya. Sannan na yi abin da ya fi komai daɗi, na kwaso kogon ɗungurungum na dasa shi a dausayin Haɗejiya da Nguru.

Ruɗaɗɗun lungunan Zagor suka koma ciyawar kachala. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale wajen Guri ko Kirikasamma ya san ta: ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan jan-baki masu cinye shinkafa. Tun da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya tafiyar kogin, ruwa ya riƙa kwana inda da yake ƙafewa da rani, ita kuwa ta samu wurin zama. Ban taɓa yi wa yaran wannan bayani sun tsaya sun ji ba sai da jarumansu suka ɓace cikinta. Mai fito ya zama sarkin ruwa, wanda ba ya karɓar zinariya sai gaisuwa da ladabi. Tsuntsayen da ke sauka Baturiya daga Turai lokacin hunturu suka zama 'yan aike masu kawo labarin nesa.

Yanzu daren Alhamis bakwai ke nan muna ci gaba daga inda muka tsaya, raunin makon jiya yana nan a takardar kowa. Autarmu ta hana a kashe dodon kachala, ta ce a fara tambayarsa wa ya tare masa ruwa. Inna ce ta ɗaga kai daga carbinta ta ce, "Ku kai masa tarwaɗa tukuna, ba a zuwa wurin babba hannu rabbana." Amsar dodon nake rubutawa yanzu, saura kwana biyu.